Yadda ake rarrashin jariri mai yawan kuka

Kwana biyu bayan suna aka kira ni gidan ƙanwata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Haihuwar fari ce. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ɗankwali ya zame, jaririn yana ta tsala kuka a cinyarta, ita ma hawaye na bin kumatunta. Mata huɗu ne a ɗakin, kowacce da nata maganin. Wannan ta ce ciwon cibi ne, a kawo tsumma a gasa. Waccan ta ce nonon ne bai ishe shi ba, a jiƙa masa dabino. Gwaggonmu ta ce baki ne, tunda shekaranjiya kowa ya ɗauke shi yana yaba kyansa. Ta huɗun ta riga ta aiki yaro kemis.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ku ba ni shi na minti goma." Na kwantar da shi ƙarƙashin fitila na fara tuɓe shi. Riga biyu, hula, safa, ga shawul an naɗe, a watan Afrilu. Bayansa duk ƙurajen zafi. Da na zare safar ƙafar hagu, sai ga wani siririn zare ya naɗe masa yatsa har ya fara kumbura. Na warware shi a hankali, na goge masa jiki da ruwa mai ɗumi, na miƙa wa uwarsa. Ya kama nono, ba a yi minti ashirin ba barci ya kwashe shi.

Ba kullum ake dacewa da dalili a fili irin wannan ba. Na haifi biyar, na yi zaman jego da 'yan'uwa fiye da haka, kuma akwai dararen da na duba komai ban ga komai ba. Amma tun daga wannan dare nake gaya wa duk mai jegon da ta tambaye ni cewa ba a yi wa kukan jariri taron dangi. Ana bin sa ne ɗaya bayan ɗaya, a fara da abin da zai iya yi masa illa, a gangaro zuwa abin da kawai ya dame shi, kuma a ba kowane mataki ɗan lokaci kafin a wuce. In aka yi masa abu biyar lokaci guda, ko ya yi shiru ba ki san wanne ne ya yi aiki ba, gobe sai a koma gidan jiya.

Ki kuma san cewa kuka yana da nasa lokacin. Yawancin jarirai suna ƙara kuka daga sati 2, ya kai ƙololuwa wajen sati 6, inda awa 2 zuwa 3 a yini ba abin mamaki ba ne ga lafiyayyen yaro, sannan ya riƙa ja da baya har ya lafa tsakanin wata 3 da wata 4. Wato daidai lokacin da kike shirin yin arba'in, masu taya ki zama sun fara watsewa, lokacin ne abin ya fi tsanani. Mata da yawa sai su ɗauka nononsu ne ya ragu, alhali kwanakin ne suka zo.

Fara da abin da ba ya jiran safiya

Kafin rarrashi, ki dube shi da kyau na minti biyu. Ki sa bayan hannunki a ƙirjinsa ko bayan wuyansa, ba a tafin ƙafa ba, don hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko lafiyarsa ƙalau. In akwai ma'aunin zafin jiki a gidan, ki auna. Ya kamata a ce kowane ɗakin jego yana da shi, don kuɗinsa bai kai na turmi ɗaya daga cikin atamfofin barka ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a wannan daren. Ba a ba shi farasitamol a ce a ga yadda zai kwana. Haka in jikin ya yi sanyi ƙasa da 35.5, an rufe shi amma bai ɗumama ba.

Ki ɗaga rigarsa ki kalli numfashi. Idan ya ɗan lafa, ki ƙirga na minti ɗaya cur da agogon waya. Sau 60 ko fiye, ko kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sosai duk ya ja iska, ko yana gurnani, wannan ma asibiti ne. Haka idan ya ƙi kama nono kwata-kwata, ko jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana taune-taune yana sandarewa. Amai kore, aman da ke fita da ƙarfi kamar an watsa duk ya sha nono, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, cibi ya yi ja yana wari ko yana fitar da mugunya, maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, kumburi a matsematsi ko maraina da yake ihu in an taɓa, babu ɗaya a cikinsu da ake jinyarsa a ɗaki. Sai kuma kukan da ya bambanta da wanda kika saba ji, mai tsini kamar an soka masa allura, ko mai rauni kamar na ɗan kyanwa. Uwa tana gane wannan tun kafin ta iya kwatanta shi. In zuciyarki ta ce wani abu ya sauya, ki saurare ta.

Cutar shawara tana buƙatar magana ta musamman, don muna raina ta. A duba shi a hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba. In idonsa ya yi ɗorawa tun ranar farko, ko launin ya sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, a tafi asibiti, akwai fitilar da ake sa su a ƙarƙashinta. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne, kuma in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa. A kuma fitar da kafur daga akwatin kayansa, don akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana tayar masu da ita.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki ja dogon numfashi ki zauna. Saura rarrashi.

Nono

Ko da bai daɗe da sha ba, ki sake gwada shi. Cikin jariri ranar da aka haife shi bai wuce ya ɗauki kamar cokalin shayi ɗaya ba a sha guda, kuma nonon uwa yana saurin narkewa. Shi ya sa yake nema sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana, wani lokaci ma fiye. Dakashin nan na kwanakin farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda wasu ke matsewa a zubar, shi ne daidai cikinsa kuma shi ne rigakafinsa na farko.

Kuka shi ne sallamar ƙarshe ta yunwa. Kafin ya kai nan ya daɗe yana roƙo: yana juya kai yana buɗe baki, yana kai hannu baki, yana lasar leɓe. In aka ba shi a wannan lokacin zai kama cikin natsuwa. In aka bari ya fusata, sai ya kama ya saki, ya banƙare, ya haɗiyi iska, ke kuma ki ce ya ƙi nono. Idan ya riga ya kai nan, ki fara rungume shi a ƙirji ya ɗan huce, ki matso ɗigon nono a leɓensa, sannan ki ba shi.

A nan zan faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Kunyar ɗan fari tana sa jarirai da yawa kukan da bai zama dole ba. Yarinya tana zaune cikin surukai, tana jin ɗanta yana neman nono, amma ta kau da kai, don kada a ce ta cika rawar jiki a kan ɗan fari. Sai an ce, "Ke wance, ɗauke shi mana," sannan ta miƙa hannu, shi kuwa ya riga ya shiɗe. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma Inna, Hajiya, ku da kuke zaune da ita, ku sauƙaƙa mata. Da kun ga yaro ya fara motsa baki, ku ɗauka ku ɗora mata, ko ku ce ta shiga uwar ɗaka. Kalma ɗaya daga bakinku ta ishe ta.

Ki lura da yadda ya kama. Cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa a miƙe, ba wuya a murɗe ba. Baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa nonon, kuma ya haɗa da baƙin da ke kewaye, ba kan kawai ba. In kina jin zafi har kina cije leɓe, ko kan nonon ya tsage, kamun ne bai yi ba. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ki sake ɗora shi. Yaron da ke tsotsar kan nono kaɗai zai yi rabin awa yana aiki ya tashi da yunwa. Ki bar shi ya gama da ɗaya har ya saki da kansa kafin ki juya shi, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

Ta yaya za ki san yana ƙoshi? Ba daga kuka ba, ba kuma daga taushin nono ba. Daga fitsari ne da awo. Bayan kwana 5, in yana jiƙa famfas ko nafkin sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin fari ba ja ba, kuma nauyinsa yana hawa a katin awo, to nononki ya ishe shi, ko me aka ce.

Tuɓe shi

In ya sha ya ƙoshi kuma bai yi shiru ba, ki cire masa komai a wuri mai haske. Ki duba famfas, ki duba ko gindinsa ya yi ja ya saɓule. Ki bi matsematsi, hammata, ƙarƙashin wuya da bayan kunne, inda gumi da nono ke taruwa su ci fata. Ki buɗe yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya, in namiji ne har gabansa, don gashin kanki ɗaya tak ko zaren safa zai iya naɗewa ya shige cikin nama, kuma mai jego gashinta yana zuba. In an ɗaura masa wani abu a wuya, hannu ko ƙugu, ki tuna jariri yana ƙiba da sauri. Abin da ya yi sako-sako ranar suna zai iya matse shi bayan sati biyu. Na wuya kam gara a cire shi gaba ɗaya. Ki kakkaɓe shimfiɗa saboda cinnaka da kuɗin cizo.

Sai zafi da sanyi. Mun fi yin kuskure ta wajen zafi. A bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, za ki ga jariri da hular ulu a ɗakin da babba ke fifita. In bayan wuyansa ya jiƙe da gumi, kayan sun yi yawa, 'yar shimi ta auduga ta isa. Da hunturu kuwa a ƙara masa riga ɗaya a kan abin da kika sa, da hula da safa, musamman wanda aka haifa bakwaini ko ƙarami. Amma kada a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, kada kuma a kunna janareta kusa da tagar. Akwai wata iska mai guba da ke fita daga cikinsu, ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa su ma suna damun ƙirjinsa. Gidan sauro ya fi.

Cibi kuma, a bar shi ya bushe ya faɗi da kansa, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu. A shafa man cibi da asibiti ke bayarwa, wanda ake kira kulohezidin, a cibin kaɗai, kada ya kusanci ido. Man goge baki, toka, gishiri da gashi da tsumma mai zafi ba sa hana kuka, sai dai su ƙona fata ko su buɗe wa cuta ƙofa.

Iska a ciki

Ki ɗora shi a kafaɗa, cikinsa a ƙirjinki, ki riƙa shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama kina ɗan bubbugawa. Ko ki zaunar da shi a cinya, ki tallafi haɓarsa da tafin hannu, ki ɗan sunkuyar da shi gaba. Minti biyar ya isa. In gyatsa ba ta zo ba, ba dole. In yana naɗe ƙafafu yana yunƙuri, ki kwantar da shi rigingine ki riƙa juya ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke, ki ɗan danna gwiwoyinsa zuwa ciki ki saki. Ki ɗumama man kaɗe a tafin hannunki ki shafa cikin a zagaye, yadda hannun agogo ke tafiya, amma ba nan take bayan shan nono ba. Ɗan tumbuɗi da shaƙuwa ba ciwo ba ne. Yunƙuri da jan fuska kafin kashi ma ba taurin ciki ba ne, muddin kashin ya fito da laushi.

Mayar masa da abin da ya baro

Ya ƙoshi, jikinsa tsaf, ba zafi ba sanyi, kuma yana kuka. To yanzu ki tuna inda ya fito. Wata tara yana wuri matsattse, mai ɗumi, mai duhu, ana jijjiga shi duk inda kika taka, bugun zuciyarki da gudun jininki suna cika masa kunne. Rana ɗaya aka fito da shi aka shimfiɗe a katifa mai faɗi, shiru, ba motsi. Duk dabarun rarrashi da iyayenmu suka sani ƙoƙari ne na mayar masa da wani abu daga can.

Na farko, fata da fata. Ki bar shi da famfas kawai, ki kwantar da shi a tsakiyar ƙirjinki ba riga, kansa a juye gefe, ki rufa masa zani a baya. Numfashinsa da bugun zuciyarsa sukan daidaita, jikinsa ya ɗauki ɗuminki. Likitoci suna kiran wannan renon kangaru. An fara shi a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben saka bakwaini suka yi kaɗan, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi wa bakwaini da ƙananan jarirai tun daga haihuwa. Cikakken yaro ma yana amfana. Sharaɗin kawai ki kasance a farke. In barci ya fara fizgarki, ki kwantar da shi.

Na biyu, naɗi. Za ki lura yana zabura, ya watsa hannuwa kamar zai faɗi, ya tashi kansa da kansa. Ki shimfiɗa zanin auduga marar nauyi, ki ninke kusurwa ɗaya, ki kwantar da shi kafaɗunsa a bakin ninkin. Ki sauke hannunsa ɗaya, ki jawo zanin ta kansa ki cusa a ƙarƙashin bayansa, ki ɗago na ƙasa, sannan ki yi wa ɗaya hannun haka. Ƙirji ya kamu amma yatsunki biyu su iya shiga, ƙugu da ƙafafu kuwa a bar su sako-sako yana iya lanƙwasa su, don miƙar da ƙafafu a ɗaure yana ɓata gaɓar ƙugu. Kada zani ya taɓa fuska. A zafi ki bar shi da famfas kawai a ciki, ko ki haƙura da naɗin. Ranar da ya fara ƙoƙarin juyawa, naɗi ya ƙare.

Da kin naɗe shi, ki ɗauke shi a gefe, ko ki kifa cikinsa a kan damtsen hannunki, kansa wajen gwiwar hannu, tafinki tsakanin ƙafafunsa. Ki kai bakinki kusa da kunnensa ki yi "shshsh" mai tsawo, da ɗan ƙarfi yadda zai ji a cikin kukansa, ki riƙa sassautawa yana sassautawa. Ƙarar fanka ma tana yi, in ba a kansa take hurawa ba. Ki haɗa da jijjiga ƙanana, kina tallafe da kai da wuya, kina kai da komo a tsakar gida. Ki yi masa waƙar reno ko karatu, duk wanda ya zo bakinki. Muryarki ya sani tun yana ciki. Abin da ke hana wannan aiki shi ne gaggawa. Ana yi minti ɗaya sai wata ta ce "kawo shi nan", ita ma minti ɗaya wata ta karɓa. Ki tsaya a kan abu guda minti biyar zuwa goma, a hannu guda.

Goyo kuwa ba sai na koya wa Bahaushiya ba, sai dai in tuna mata cewa wuyan jariri sabon haihuwa bai yi ƙwari ba. Zani ya tallafo har bayan kansa, fuskarsa a juye gefe, hanci a buɗe, haɓa ba ta danne ƙirji ba. In kin sa hijabi a kai ki riƙa dubawa, don zafi yana taruwa a ciki. Kuma ba a goya shi a tsaya bakin murhu.

Wani yaron tsotso yake so ba ci ba. Ki bar shi a nono ko da wasa yake yi. Wanka da ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannunki ta jure, yakan sauko da wasu, wasu kuma ƙara tunzura su yake. Za ki gane naki.

Za a ce maki, "Kada ki saba masa da hannu." Ɗan sati uku bai san wayo ba. Bai da abin da zai kira ki da shi sai kuka, kuma ɗaukarsa ba ta ɓata shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda sanin halin da uwar take shiga. In salla a bayansa an taƙaita ta don kukan yaro, wanke-wanke zai iya jira.

In ya yi barci, ki kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa, cikin gidan sauro. Kifawa da kwanciyar gefe na hannu ne, ba na barci ba.

Wani lokaci ma barcin ne matsalar tun farko. Jariri sabo ba ya jure zama a farke fiye da kamar awa ɗaya. Ranar suna da kwanakin barka yana yawo daga cinya zuwa cinya, ga turare, ga guɗa, ga hasken waya ana hoto, da dare sai ya kasa sauka. In kin ga yana hamma, yana kau da fuska, idonsa ya tsaya wuri guda, ki shige da shi ɗaki ki rage haske tun kafin kukan ya fara.

Kukan magariba

Akwai yaran da kamar an saita masu agogo. Da la'asar sakaliya sai su fara, su yi ta yi har bayan isha, fuska ja, hannu a dunƙule, ƙafafu a naɗe, da safe kuma ka gan su garau suna shan nono. Likitoci suna kiran wannan kolik, kuma tun 1954 wani likitan yara Ba'amurke, Morris Wessel, ya ba da ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: kukan fiye da awa 3 a rana, fiye da kwana 3 a sati, har sati 3, ga yaron da ke ci yana girma. In naki haka yake, ki kai shi a duba shi sau ɗaya don a tabbatar babu wani abu. In an ce lafiya, to aikinki shi ne ki raka shi har ya wuce, kuma yana wucewa.

Abin da ya taimake ni shi ne shirya wa lokacin. Ki gama girki da wuri, ki ci abinci, ki yi wanka, ki ajiye ruwan sha kusa. Da yamma jarirai sukan nemi nono a jere a jere, kowane rabin awa, wannan ba alamar nono ya ƙafe ba ne. Ki shigar da shi ɗaki kafin rana ta faɗi, ki yi masa addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, ki tofa a hannu ki shafa masa. Addu'a ba ta hana bincike, bincike ba ya hana addu'a.

Abin da ba ya shiga bakinsa

A nan ake yin ɓarnar da ta fi kukan muni. Har ya cika wata 6, nono kaɗai, sai maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta da ɗigon rigakafi. Ko ruwa ba ya buƙata, ko a tsakiyar bazara, don kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ke za ki sha ruwan, shi ya sha nono. Ruwa yana cika masa ciki ya rage tsotso, nono ya ragu, in kuma ba mai tsabta ba ne ga gudawa. Ba ina maganar taɓa ɗan dabino a dasashi ranar haihuwa ba ne. Ina maganar jiƙe-jiƙe da ɗure, dauri da saiwoyi da ruwan rubutu a cokali. Zuma kuma sai ya shekara ɗaya, saboda takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjin jariri ba zai iya kashewa ba, mai sa jiki ya saki har numfashi ya gagara.

Kwalaben kemis ma haka. Ruwan maganin ciwon ciki na jarirai ba a tabbatar yana tsayar da wannan kuka ba. Maganin mura mai sa barci kuwa hatsari ne tsantsa ga ɗan wannan shekaru; shirun da yake kawowa ba lafiya ba ce. Waɗanda suka isa tunawa ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙori da aka samu gurɓace da guba a 2008, yara 84 suka rasu a Najeriya, ƙodarsu ta tsaya. Iyayensu ba mugunta suka yi ba, kuka suke so ya tsaya.

Kada kuma kuka ya sa a kira wanzami a ce belu ne. Belu halitta ce, kowa da nasa, ba ya hana shan nono. Cire shi kan jawo zubar jini, cutar sarƙe-haƙora da shaƙewa, yaron kuma ya ƙi nono saboda ciwon maƙogwaro. Na san wannan magana tana da nauyi a gidan da kaka ke da ta cewa. Shi ya sa ta fi dacewa a bakin uban yaro, tun kafin a haihu, cikin ladabi.

In ƙarfinki ya ƙare

Akwai daren da za ki yi duk wannan bai yi shiru ba. Kwana nawa ba barci, ga ɗinki, ga ciwon baya, sai ki ji wani abu ya taso maki a ƙirji, kamar ki girgiza shi ki ce "me kake so?" Iyaye na gari da yawa sun taɓa jin haka. Amma kada ki yi, ko sau ɗaya. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba ƙarfi, girgiza ta 'yan daƙiƙoƙi tana fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa da ido, ta bar makanta, shanyewar jiki ko mutuwa. Da kin ji haka, ki kwantar da shi rigingine a wurin da ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida minti goma. Ki sha ruwa, ki yi alwala, ki tashi wani ya karɓe ki. Kukan minti goma a shimfiɗa ba zai cuce shi ba. Ki gaya wa 'yar aiki da yayyensa da duk wanda ake bar wa shi wannan magana, baki da baki.

Maigida, nan ne wurinka. Ƙaura zuwa wani ɗaki don kada kuka ya hana ka barci ba ita ce mafita ba. Nono ne kawai ba ka da shi. Ƙirjinka yana da faɗi da ɗumi, muryarka mai kauri tana kwantar da jarirai. In ta shayar, karɓe shi ka sa a kafaɗa ka zaga da shi, ta samu awa biyu a jere. Ka tabbata akwai abinci mai kyau da kuɗin mota na dare a ajiye, ka kuma san asibitin da ke buɗe da wanda zai kai ku tun kafin buƙata ta taso.

Ke kuma 'yar'uwa, ki lura da kanki yadda kike lura da shi. Yawan hawaye da ƙunci a kwanakin farko abu ne da ke samun masu jego da yawa, yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ba kya iya barci ko shi ya yi barci, abinci ba ya shiga, kina jin ba ki da amfani, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwa maki, wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Tunanin cutarwa ba ya jira, a je a ranar. Sauran kuma kada ki bari ya wuce ranar rigakafin sati 6. In nas ta gama yi masa allura ta miƙo maki kati, ki ce mata, "Sista, ni ma ina da magana."